Yadda ake samun sabuni mai launin ruwan hoda

  

Yau hirarmu a kan sabuni take. Akwai sabunin salo, wanda kakanninmu ke dahwawa da ruwan toka. Shi baƙi ne, kuma yana da nashi anhwani. Amma wanda za mu yi magana a kai yau, shi ne sabunin da ba a ɗora shi bisa wuta. Ana haɗa mai da ruwan soda, a dama, a zuba cikin akwati, a bar shi ya daskare da kanshi. Mata da yawa sun iya shi. Abin da ke ba su wahala shi ne launi, musamman launin ruwan hoda, wato ja mai haske irin na huren gwaɗo na amare. Shi ne mai saye ke hwara miƙa ma hannu a kasuwa.

Abin da ya samu maƙwabciyata

Bari in ba ku labari. Wata maƙwabciyata ta samu aikin sabunin biki. Uwar amarya ta ce tana son ruwan hoda. Maƙwabciyata ta sayi mai kilo 3 da kuɗin adashinta. Ta duba cikin ɗaki, ta ga soɓorodo. Ta ce a ranta: ga ja mai kyau, ga arha. Ta jiƙa shi, ta tace, ta zuba cikin sabuni.

Nan take jan ya ɓace. Ya koma kore-kore mai duhu. Da gari ya waye, sabuni ya zama ruwan ƙasa, kamar tsohon bango. Uwar amarya ta ƙi karɓa. Sabunin yana wanki, amma ba shi sayuwa da daraja. Kuɗin adashi ya kwanta.

Laihinta ɗaya ne: ba ta san abin da soda ke yi ma launi ba. To, shi za mu koya yau, don kada wata ta sake yin irin wagga hasara.

Me ya sa soɓorodo ba ya yi?

Kowace mai girki ta san kanwa. Ku jiƙa soɓorodo cikin ƙoƙo, ku sa ƴar kanwa, ku duba. Jan zai dushe, ya yi duhu. Dalili shi ne, jan soɓorodo yana son tsami. In ya gamu da abu mai kaihi irin na kanwa, sai ya sake kama.

To, sodar sabuni, wadda ƴan kasuwa ke ce ma kostik, ta hi kanwa ƙarhi nesa ba kusa ba. Abin da kanwa ke yi a hankali, soda na yin shi cikin ƙibtawar ido. Shi ya sa jan hure da jan ƴaƴan itace, galibinsu ba su rayuwa cikin sabuni.

Ga abubuwan da mutane ke gwadawa, da abin da suke samu:

Soɓorodo: yana komawa ruwan ƙasa ko ruwan toka.

Lalle: yana ba da ruwan ƙasa, wani lokaci da ɗan kore.

Man ja: yana ba da rawaya ko ruwan lemu. Sunanshi ja, amma ba ya ba da ruwan hoda.

Barkono: launinshi ruwan lemu ne, kuma yana ƙona hwata da ido. Kada a sa shi.

Galurar rinin tuhwahi: an yi ta don zane, ba don jikin mutum ba. Tana iya kawo ƙaiƙayi da ƙuraje. Kada a sa ta, ko da launinta ya yi kyau.

Launin da soda ba ta ci

Akwai jan da soda ba ta iya ɓatawa. Shi ne jan da ke cikin ƙasa. Ku dubi jangargari a bakin hanya. Ku dubi tulunan Mirriya da na Bubon. Me ya sa suke ja? Akwai tsatsar ƙarhe cikin ƙasar. Irin tsatsar da kuke gani jikin tsohuwar hauya, ita ce a cikin jan ƙasa. Wanga ja ya sha rana, ya sha ruwan sama, ya sha wutar gashin tukwane, bai sake ba. Soda ma ba ta sake shi.

To, ruwan hoda ba wani abu ba ne illa ja kaɗan cikin hwari mai yawa. Ku riƙe wagga magana. Ke nan abu 2 muke bukata: sabuni mai hwari, da jan ƙasa ɗan kaɗan.

Na hwarko: a samu sabuni hwari

In man da kunka sa mai duhu ne, ba za ku samu ruwan hoda ba, kome kyan launinku. Ja bisa rawaya, ruwan lemu yake bayarwa. Ja bisa baƙi-baƙi, ruwan ƙasa yake bayarwa. Don haka a zaɓi mai da kyau.

Kitsen sa ko na rago, in an tace shi, yana ba da sabuni hwari mai tauri. Man gujiya, wato man gyaɗa, in sabo ne mai haske, shi ma yana yi. Man kaɗe yana da kyau ga jiki, amma yakan ja sabuni wajen ruwan madara mai ɗan rawaya. Man alayyadi baƙi, da man dogon yaro, da man da anka soya ƙosai da shi, duk suna dusar da launi.

Ga yadda ake tace kitse. A yanka shi ƙanana. A narke shi bisa wuta kaɗan, kada ya ƙone. A tace da tsumma mai tsabta. A zuba mishi ruwa da ɗan gishiri, a tahwasa. A sauke, a bar shi ya kwana wuri mai sanyi. Da sahe kitsen zai daskare a bisa. A ɗauke shi, a kankare daudar da ke ƙasanshi. In har yanzu yana da wari, a sake yi sau 2.

Na biyu: a gyara jan ƙasa

Ba a ɗebo ƙasa a zuba cikin sabuni haka nan. Akwai yashi a ciki, zai karce jikin mai wanka. Sai an wanke ta. Ga yadda ake yi:

1. A ɗebo jan ƙasa daga wuri mai tsabta, a tona ƙasa-ƙasa. A nisanci salga, da juji, da garke, da gonar da anka zuba maganin ƙwari. A nisanci wurin haƙar zinariya. A shekarar 2010, a Zamfara ta Najeriya, yara ɗaruruwa sun rasu saboda gubar dalma da ke cikin ƙurar dutsen zinariya. Ba kowace ƙasa ce ta dace da jikin mutum ba. In akwai masu ginin tukwane kusa da ku, ku tambaye su inda suke samun jan da suke shahwa ma tulu.

2. A daka, a tankaɗe da rariya mai laushi.

3. A zuba cikin bokiti, a cika da ruwa, a motsa sosai.

4. A dakata kamar minti 1. Yashi mai nauyi zai kwanta. A tsiyaye jan ruwan cikin wani bokiti, a zubar da yashin.

5. A bar jan ruwan ya kwana. Da sahe za a ga laka mai laushi ta kwanta. A tsiyaye ruwan bisa a hankali.

6. A shanya lakar ta bushe. A soya ta cikin kasko ba tare da mai ba. Zahi yana kashe ƙwayoyin cuta, kuma yana ƙara mata ja, kamar yadda tukunya ke ƙara ja bayan gashi.

7. A niƙa, a sake tankaɗewa. A murza tsakanin yatsu. In an ji kamar hoda, ta yi. In an ji tsaki-tsaki, a sake wankewa.

Wanda ke birni yana iya samun garin launi a kanti wajen masu sayar da kayan sabuni. Akwai yumɓu mai ruwan hoda, akwai jan gari da ake ce ma oksid. Shi ma tsatsar ƙarhe ce, amma tatacciya, mai ƙarhi ƙwarai. A tabbata wanda anka yi don sabuni da kayan shahwa ne. Jan garin da magina ke sa ma siminti ba a tace shi don jiki ba.

Kahin a taɓa soda

Jama'a, nan ina roƙonku ku kasa kunne da kyau. Launi in ya ɓaci, kuɗi ne anka rasa. Soda in ta yi ɓarna, ido ne ko rai.

Soda hwara ce, tana kama da sukari ko gishiri. In an narke ta, tana kama da ruwan sha. Yaro ba ya bambancewa. Yaron da ya kurɓi ruwan soda, maƙogwaronshi yana ƙonewa, ya tsuke, har ya kasa haɗiye abinci. Don haka:

A kori yara da dabbobi daga wurin aiki. Mai goyo ta sauke goyonta, ta ba wata.

Kada a zuba ruwan soda cikin moɗa, ko buta, ko kwalbar lemu. Kada a bar shi ba mai tsaro, ko na minti 1.

A sa safar hannu ta roba da tabarau. A yi aiki a hili, inda iska ke wucewa.

Soda ake zubawa cikin ruwa. Ba a zuba ruwa bisa soda. In an juya, tana iya tahwasa ta yi tsalle zuwa huska.

Kada a yi aiki da tukunyar alminiyon, irin wadda maƙera ke zubawa. Soda na cin ta, ta hidda iska mai kama wuta. A yi aiki da bokitin roba mai kauri da muciyar icce. Kayan sabuni na sabuni ne kaɗai, ba su komawa madahwa.

In soda ta taɓa jiki ko ido, a yi ta zuba ruwa mai yawa, har minti 20, sannan a tahi likita. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, don za ta sake ƙona shi wajen hitowa. Kada a tsaya ba shi maganin gida. A kai shi likita maza-maza, a gaya musu abin da ya sha.

Awo

Sabuni ba miya ba ne da ake yi da ido. Sai da sikeli. Ku ɗauki alƙalami ku rubuta:

Tataccen kitsen sa: garam 500

Man gujiya: garam 500

Soda: garam 130

Ruwa mai tsabta: garam 330, wato kashi 1 cikin 3 na litar

Gyararriyar jan ƙasa: cokalin shayi 2

In oksid na kanti ne: rubu'in cokalin shayi kaɗai

Ku lura, kowane mai da yawan sodar da yake ci. In kun sa man kaɗe garam 500 maimakon kitse, soda ta koma garam 125. In soda ta yi yawa, sabuni zai ci hannu. In ta yi kaɗan ƙwarai, sabuni zai yi laushi, ya yi wari da wuri. In za ku yi kilo 2 na mai, sai ku ninka kome sau 2.

Yadda ake haɗawa

Da hwarko a auna ruwa cikin bokitin roba. A ɗebi cokali 2 na cin abinci daga cikinshi, a dama jan ƙasa a wani ɗan mazubi, har ta zama kamar kunu ba gudaji. In an zuba ta busassa, za ta yi ɗigo-ɗigo cikin sabuni. In oksid ne, da ɗan man gujiya ake dama shi.

Sannan a zuba soda cikin ruwan bokiti kaɗan-kaɗan, ana motsawa. Ruwan zai yi zahi ƙwarai, ya yi tururi. A kau da huska. A bar shi ya huce, har in an taɓa bayan bokiti a ji ɗumi kawai.

A narke kitse, a sauke, a haɗa da man gujiya. Shi ma a bar shi ya koma ɗumi, amma kada ya daskare.

Yanzu a zuba ruwan soda cikin mai, siriri-siriri, ana damawa da muciya. A ci gaba da damawa. Aikin yana son haƙuri, yana iya kai awa 1 ko hiye. Za a ga ya hwara kauri kamar koko. In an ɗaga muciya, abin da ya ɗiga ya bar sawu a bisa kahin ya nutse, to lokacin launi ya yi.

A zuba rabin jan ƙasa, a dama sosai, a duba. In bai isa ba, a ƙara. Ana iya ƙara launi, amma ba a iya rage shi. A yi sauri kaɗan, don ƙasa tana shan ruwa, tana sa sabuni kauri da wuri.

In za a sa turare, yanzu ne. Amma a yi hankali. Wasu turaruka, musamman masu ƙamshin banila, suna mai da sabuni ruwan ƙasa bayan ƴan kwanaki. A gwada turare cikin kaɗan tukuna.

A shimhiɗa leda cikin akwatin katako, a zuba sabuni. A buga akwatin ƙasa a hankali don iska ta hita. A ruhe huskar sabuni da leda.

Bayan an zuba

Cikin akwati, sabuni yana yin zahi da kanshi. Aikin soda da mai ne. Wanga zahi yana sa launi ya hito sosai. Lokacin ɗari, a lulluɓe akwati da tsohon bargo. Lokacin bazara, kada a lulluɓe, a aje shi inuwa. In zahi ya yi yawa, sabuni yana tsagewa a tsakiya.

Wani lokaci za ku ga hwarin gari a bisa sabuni, kamar toka. Yana ɓoye launi, amma ba cuta ba ne. Iska ce ta taɓa sodar da ba ta gama aiki ba. Ledar da munka ruhe da ita tana hana shi. In ya hito, a goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Bayan kwana 1 ko 2, a hidda sabuni, a yanka, da safar hannu. Wanga awo yana ba da kamar sanda 12. A jera su a inuwa, bisa katako, da ɗan tsakani don iska ta ratsa. A riƙa juya su. A bar su mako 4 zuwa 6. Kada a sayar kahin lokacin, ko mai saye ya matsa. Ɗanyen sabuni yana da kaihi, kuma yana narkewa da sauri.

Kada ku yanke hukunci tun sabuni na cikin bokiti. Launin da kuke gani ranar haɗawa ba shi ne na ƙarshe ba. Yakan ƙara haske in ya bushe. Kuma ku sani, ruwan hodar ƙasa mai sanyi ne, ba ya ƙyalli kamar na alawa. Amma ba ya gudu, ko sabuni ya shekara.

In launi bai yi daidai ba

In ya yi ja kamar birki, kuma kumhwarshi ta hito ja tana ɓata tsumma: launi ya yi yawa. A rage.

In ya yi ruwan lemu: man ne mai rawaya. A ƙara kitse, ko a nemi mai mai haske.

In ya yi ɗigo-ɗigo: ba a dama launi da kyau ba.

In yana karce jiki: akwai sauran yashi.

In ya yi ruwan ƙasa: a dubi mai, a dubi turare, a dubi ita ƙasar. Ƙasar wani wuri ta hi ta wani ja.

Gwaji kahin babban aiki

Jan ƙasar Tawa daban, ta Damagaram daban, ta Maraɗi daban. Don haka awon da na ba ku mahwari ne kawai. Kowa ya gwada tashi. In sabuni ya yi kauri, a raba shi cikin robobi 3 daidai. Ta 1 a sa rubu'in cokalin shayi na jan ƙasa. Ta 2 a sa rabin cokali. Ta 3 a sa cokali 1. A rubuta lamba jikin kowace roba. A rubuta cikin littahi: ranar da anka yi, irin mai, yawan soda, yawan launi, da inda anka ɗebo ƙasa. Bayan mako 4 a duba wadda ta hi kyau. A yi wanka da ita a gida tukuna, kahin a kai kasuwa.

Haka maƙwabciyata ta yi daga baya. Roba ta 2 ce ta yi mata. Yanzu in an ba ta aikin biki, littahinta take hwara buɗewa, kuma sabunin bana yana hitowa kamar na bara.

Tambayoyi

Ku zauna tare, ku amsa waɗanga tambayoyi:

1. Me ya sa soɓorodo ba ya ba da ruwan hoda cikin sabuni?

2. Wane abu ne cikin jan ƙasa da ke ba ta launi?

3. Soda ake zubawa cikin ruwa, ko ruwa bisa soda?

4. In mai kilo 1 yana cin soda garam 130, garam nawa mai kilo 3 zai ci?

5. In yaro ya sha ruwan soda, me za a yi, me ba za a yi ba?

Jama'a, nan za mu dakata. Wanda ya ji, ya gaya ma wanda bai ji ba, musamman zancen soda da yara.